Ku Bar Mana Ƙofar Komawa Baya



Ranar Asabar na ari wayar yayata don in cike fom ɗin neman tallafin karatu a wani shafin intanet. Ina mataki na huɗu sai na tuna na yi kuskure a ranar haihuwata. Na danna maɓallin komawa baya, sai kawai na tsinci kaina a wajen shafin gaba ɗaya. Abin da na rubuta ya tafi, data ma ta tafi. Da na kai kuka wurin 'yan kulob ɗin kwamfuta, suka yi mini bayanin abin da ya faru.

A tsohon tsari, duk lokacin da ka danna wani abu, burauza takan aika wa saba, wato babbar kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, ita kuma ta turo sabon shafi sukutum mai adireshinsa. A sabon tsari kuwa, shafi ɗaya tak ake saukewa tare da umarnin JavaScript, daga nan JavaScript ce ke sauya abin da kake gani a kan allon waya. Gmail, wanda Google ya fitar a 2004, yana cikin waɗanda suka sa wannan salo ya yi suna. Amfaninsa sauri ne, domin ba a sake ɗauko komai daga farko.

To, ina matsalar? Burauza ba ta san ka tashi daga mataki na uku zuwa na huɗu ba, sai idan mai ginin shafin ya sanar da ita. Kuma hanyoyin suna nan. Akwai sanya alamar # a cikin adireshi, akwai umarnin pushState da ya zo da HTML5, wanda ke sauya adireshi ya kuma ƙara shi cikin tarihin burauza ba tare da an sake sauke shafin ba. Masu aiki da React, wanda Facebook ya saki a 2013, suna da React Router don wannan aiki. Saboda haka, a ganina, laifin na mai gini ne.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne, tunda shafin yana buɗewa. Ga mai data a wadace, ƙila haka ne. Amma ga ɗalibin da ya ari waya na minti goma kuma ranar rufe fom ta matso, babban abu ne.

'Yan kulob ɗin kwamfuta, duk ranar da za ku gina wa makarantarmu shafi, ku yi masa gwaji uku. Na ɗaya, ku danna komawa baya: ya mayar da ku matakin da kuka baro, da rubutunku a ciki? Na biyu, ku sake loda shafin a tsakiyar aiki: ya tsaya inda yake, ko ya nuna 404 saboda ba a saita saba ba? Na uku, ku tura wa aboki adireshin ta WhatsApp: ya buɗe masa daidai wurin?

Idan ɗaya ya gaza, aiki bai ƙare ba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.