Alhakin Mai Feshi Yana Wuyan Mai Gona

Jama'a, akwai wani zalunci da ake yi a gonakinmu wanda ba ya zuwa gaban alƙali. Mai gona yakan zuba kuɗi ya sayi tarakta da tankin feshi, ya ɗauki direba, sa'an nan ya ƙi saya masa safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci. Inji ana ba shi mai a kan kari, ɗan Adam kuwa a bar shi da tsumma a baki.

Sunan ma ruɗinmu yake yi. Mukan ce maganin ciyawa, alhali kuwa guba ce. Paraquat, watau wanda manoma suka sani da Gramoxone, ba shi da makari, in ya shiga ciki huhu yake ci. Tun 2007 aka hana shi a Tarayyar Turai. A 2015 kuma suka hana shigar da wakenmu saboda yawan dichlorvos, maganin ƙwarin da ke jikinsa. To, in Bature ya tsorata da ɗan abin da ya saura a jikin wake, ina ga wanda ke dama guba da hannunsa, ya yini yana shaƙa?

Waɗansu sukan ce kayan suna da tsada, ga zafi. Sai a yi feshin da sassafe, kafin rana ta ɗaga, iska ta taso. Tsadarsu kuwa ba ta kai ta jinya ba. Masu miƙa wa direba madara bayan aiki su sani madara ba ta karya guba.

Lalle wanda zai ci amfanin gona, a wuyansa lafiyar mai fesa ta take.