A Ina Ruwan Kano Zai Kwanta?

Duk wanda ya bi titin BUK daga Ɗan Agundi zuwa Ƙofar Famfo ya san inda badala, wato ganuwar birni, take a da, ya kuma ga abin da ya maye gurbinta a wurare da dama: shaguna, wuraren sayar da motoci, da tulin shara. Mutane kan yi maganar a matsayin asarar tarihi, kuma haka ne. Amma akwai wata asarar da ke shiga har ɗakin talaka duk damina.

Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar Kano tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ƙasar da aka gina ta da ita, da wadda aka gina gidajen cikin birni, a nan kusa aka haƙo ta. Ramukan da suka rage su ne kududdufai. Idan aka sheƙa ruwan sama, a cikinsu yake kwanciya, ya sirare ƙasa a hankali, ya ciyar da rijiyoyin unguwa, saura kuma ya bi rafin Jakara ya fice. Kakanninmu sun gina birni, sun kuma bar wa ruwa masaukinsa.

Yau fa? A fara jibge shara a bakin kududdufi, a bi da tifofin ƙasa, kafin ka ankara an kafa duwatsu an yanka filaye. Mai saye yana murna ya samu wuri a tsakiyar gari. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar fili. In ya zo ya tarar an gine masa hanya, sai ya faɗa gidajen ƙasa na maƙwabta, katanga ta jiƙe ta rufta wa masu barci, masai ya cika ya haɗu da rijiya, amai da gudawa su biyo baya. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a 2022 ta lalata atamfofi da shaddodi masu ɗimbin yawa, kuma ƴan kasuwar da bakinsu suka yi kukan gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa.

Na san abin da za a ce: kududdufi matattarar sauro ne, yara kuma suna nutsewa a ciki. Gaskiya ne, ba kuwa ƙaramin abu ba ne ga uwar da ta rasa ɗa. To, a kewaye shi, a yashe shi, a hana zuba masa ruwan kwata. Hakan ya fi arha nesa ba kusa ba a kan rabon buhunan shinkafa da tabarmi bayan gidaje sun zube.

Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, amma ko hakan bai hana a rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi ba. Saboda haka ba daga waje ceto zai zo ba. A da, da aikin gayya ake yaɓen ganuwa bayan damina. Ina roƙon masu unguwanni da dagatai su daina sa hannu a cinikin duk filin da ke kan badala ko kududdufi, hukumar tsara birane ta KNUPDA kuma ta fitar da taswirar waɗanda suka rage, a liƙa ta a ƙofar gidan kowane hakimi kafin ruwan baɗi ya sauka.