Waiwaye: Bencin Baya

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wanda kowa ya fi sani da UPE. An yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a shekarar, sai ga kusan miliyan 3 sun cika filayen makarantu. Azuzuwa ba su isa ba, benci bai isa ba, malamai kuwa ba a magana. Sai aka shiga yaye mu daga kwalejojin horon malamai kamar ana kwashe waina daga tanda ranar suna: wata ta nuna, wata da sauran ƙullu a cikinta. Ni ina cikin masu sauran ƙullu.

A 1977 aka tura ni wani ƙauye mai cin kasuwa ranar Talata. Mu shida ne malamai, na bakwai hedimasta. Bari in fara da yi masa adalci, domin ya riga mu gidan gaskiya. Mutum ne mai tsoron haram, ko guntun alli bai taɓa kaiwa gidansa ba. Kafin ƙarfe bakwai yana tsaye a gindin darbejiyar da aka rataya ƙarfen tayar mota, wanda shi ne ƙararrawarmu. Sai dai komai na makarantar a cikin kansa yake. Jadawali shi kaɗai yake zana shi da rula da jan biro, ya fito ya manna. Taron malamai sau ɗaya ne a zango, ya karanto abin da ya rubuta, mu ce "To, ranka ya daɗe," mu watse. Ranar Litinin mu jera masa littattafan shirin darasi, ya duba ko an sa kwanan wata, ko an ja layi a ƙarƙashin kan magana, ya sa hannu. Abin da ke cikin darasin kuwa, da yadda za a koyar da shi, bai taɓa tambayata ba.

Ba shi ya ƙirƙiro wannan hali ba, gadonsa ya yi daga zamanin En'e. Umarni yakan gangaro ne daga mai duba makarantu zuwa hedimasta, daga hedimasta zuwa malami, daga malami zuwa monita. Kowa yana da wanda yake durƙusa wa, yana kuma da wanda ke durƙusa masa.

Babbar damuwarsa makara. Duk yaron da ya zo bayan an buga ƙarfe, sai ya yi gwale-gwale a rana, sannan ya sha dorina shida. Yara kuwa ba wawaye ba ne. Wanda ya ga rana ta ɗaga, maimakon ya kawo kansa ga dorina, sai ya zarce rafi ko ya shige gonar dawa, in an tashi ya bi ayari ya koma gida. Dukanmu mun san haka. Mukan yi zancen a inuwar bayan aji shida lokacin tara, har mu tsara yadda ya kamata a yi. Da mun hango farar hularsa sai mu koma zancen tsadar taki. Shekara uku muka yi a haka, kuma in ban da iya cika rajista, ban ƙaru da komai ba a aikin koyarwa.

A 1980 aka yi masa canjin wurin aiki, aka kawo mana wani. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, har muka fara raina shi a zuci. Taronsa na farko bai zo da takarda ba. Rajistar aji uku ya buɗe a kan tebur, ya ce, "Jiya Talata na shiga ajin nan, ko rabin sunayen da ke nan ban samu ba. Ku da kuka riga ni zama garin nan, me ke faruwa?"

Muka yi tsit. Mun ɗauka tarko ne, wanda ya fara magana shi za a ɗora wa laifi. Shi kuwa bai ƙosa ba. Ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya miƙa wa na kusa da shi rabi, ya ci gaba da jira. Har yau ina tuna tsawon shirun nan, ana jin kukan tumaki a bayan taga.

Wanda ya fasa shi malamin Arabiyya ne, wanda ya fi mu shekaru, ya kuma fi mu ƙarancin albashi. Ban taɓa jin muryarsa a taro ba sai in an ce ya yi addu'a. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ba lalaci ke damunsu ba. Tun asuba suna gaban alaramma sai hantsi. Kafin su sha koko su taho, an buga ƙarfe. In sun zo duka, in ba su zo ba babu mai nemansu. Ko ni ne ba zan zo ba." Sai malamar aji ɗaya ta samu ƙarfin gwiwa ta ce ranar kasuwa kuma 'yan mata suna talla, kuma kuɗin tallar nan da shi uwa ke tara kayan ɗaki, ba za ta bari ba don an aika mata da takarda.

Sau uku muka zauna a kan maganar nan, har da musu da ɗaga murya. Ni, abin kunya, ina cikin masu cewa a bar dorina, wai in aka ajiye ta yara za su hau kanmu. Daga ƙarshe aka daina duka a kan makara. Aka mayar da Lissafi da Turanci bayan tara, lokacin da aji ya cika, aka sa aikin lambu da karatun baki da safe. Ranar Talata aka ce kada a fara sabon darasi, a yi bitar na baya. Hedimasta da malamin Arabiyya suka nemi rakiyar mai unguwa suka je gaban alaramma, suka tsuguna kamar kowa. Alaramma ya yarda ya riƙa sallamar 'yan boko da wuri, bisa sharaɗin su dawo masa bayan la'asar.

Amma kada a ɗauka duk abin da muka ce ya karɓa. Mu huɗu mun so a rufe makaranta ɗungurungum ranar kasuwa, a rama ranar Asabar. Ya ce a'a, ya kuma faɗi dalili: ranakun karatu ba a hannunsa suke ba, in mai duba makarantu ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, shi zai amsa. Ba mu ji daɗi ba, amma mun san inda maganarmu ta tsaya da abin da ya tsayar da ita. A wurin hedimasta na farko, ko da abin da ya yanke daidai ne, ba mu san dalilinsa ba, don haka ranar da ba ya nan ba mu iya yanke irinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan wata biyu. Ina koya wa aji huɗu haɗa rabi da kwata. Na kwafe misalan littafi a allo, ina faɗa suna amsawa da ƙarfi kamar masu bin waƙa, ni kuma ina jin na iya aiki. Sai ga shi ya shigo ba sanarwa, ya ɗaga wa yara hannu kada su miƙe, ya wuce bencin baya ya matsa tsakanin yara biyu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Gumi ya karyo mini. Har aka buga ƙarfe bai ce uffan ba.

Sai da muka keɓe a gindin darbejiya ya ce, "Malam, yara nawa ka tambaya yau?" Na ce da yawa. Ya ce, "Uku ne, kuma duk a layin gaba suke. Na kusa da ni ya rubuta rabi da kwata sun zama biyu bisa shida, kuma bakinsa ya fi na kowa ƙarfi wajen amsawa." Ina shirin ba da haƙuri sai ya tare ni: "Gobe ni zan ɗauki darasin. Ka zauna inda na zauna, ka nemo mini kuskure biyu."

Washegari ya zo da sandar rake mai gaɓa huɗu da 'yar wuƙa. Ya sa yaro ya nuna rabinta, wani ya nuna kwata. Ya yanka, ya haɗa gaɓa biyu da gaɓa ɗaya a tafin wata yarinya, ya ce ta ƙirga ta faɗa wa aji nawa ke nan cikin huɗu. Yaron jiya mai biyu bisa shida shi ya fara cewa "Au!" da ƙarfi. Aka raba raken aka shanye. Da muka fito ya ce ina kurakuransa. Na ce wallahi ban ga ko ɗaya ba. Ya ce, "Ko dai ba ka kalla ba, ko kana jin tsorona, kuma duk biyun ba su da amfani a wurina." Na haɗiye yawu na ce, in ban da yarinyar da ya kira, ya juya wa ɓangaren 'yan mata baya kusan duk darasin. Ya yi shiru, sannan ya tuntsire da dariya ya ce tsohuwar cutarsa ce, an sha faɗa masa. Daga wannan makon, kowane mako wani malami yakan zauna a bencin bayan wani, har malamin Arabiyya ya zauna a nawa ya gyara mini yadda nake yin tambaya.

Bayan shekaru na ji cewa malaman Japan sun fi shekara ɗari suna irin wannan: su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su kalla, su zauna su feɗe shi. Hukumar JICA ta ƙasarsu ta tallafa wa shirin SMASSE na inganta koyar da Lissafi da Kimiyya a Kenya tun 1998, ya iso Najeriya da sunan SMASE a 2006 ta jihohin Kaduna, Neja da Filato. Hedimastanmu ya yi nasa da rake tun ba a zo da wannan ba. Mu ma a nan Arewa malami mai bakin magana ba baƙo ba ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa hedimasta ne a Midil ta Bauchi, Aminu Kano malami ne a can, kuma su da Sa'adu Zungur sun goge ne a zauren muhawara na garin kafin su shiga siyasa. Aminu Kano shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948.

A shekarun 1990 na yi NCE ta tsarin karatu daga gida na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, kuma na ƙaru da ita. Na kuma halarci bita iri-iri, irin wadda ake tara mutane kwana uku a zaure mai fanka, a raba jaka da alawus, a ce kowa ya koma ya koya wa 'yan uwansa. Wasu sun yi amfani. Mafi yawa, jakar ce ta fi daɗewa.

To, ga inda ni na faɗi. Da aka ba ni makaranta tawa, na sha alwashin bin sawun hedimasta na biyu. Taro duk mako biyu, har da goro. Abin da ban lura ba shi ne, nakan shiga taron da hukunci a aljihu. In malami ya faɗi abin da ya dace da nawa, in ce madalla, a rubuta. In ya saɓa, in ce za a duba. Wata rana muna rabon azuzuwa, wata matashiyar malama ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, don Allah in an riga an gama rabon a ofis, a karanta mana kawai mu koma aji, yara na jira." Cikin ladabi ta faɗa, idonta a ƙasa. Takardar rabon kuwa tana ninke a aljihun rigata.

Da na ce na karɓi gyara nan take, da na yi ƙarya. Fushi na yi, na rufe taron. Bayan mako guda na nufi inuwar da malamai ke zama lokacin tara, ina jin hayaniyarsu tun daga nesa, da suka hango ni sai zance ya koma na tsadar man fetur. Na san shirun nan, ni ma na taɓa yin sa. Na yi ƙoƙarin gyarawa, amma malamar ta nemi canji a ƙarshen shekara, kuma ita ce ta fi kowa iya koyar da karatu a makarantar.

Bayan dokar UBE ta 2004 aka ce kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa, SBMC, da iyaye da malamai da masu unguwa da mata a ciki. Tunani ne mai kyau, kuma na ga inda ya yi aiki. Na kuma ga inda sunaye ne kawai a manne a bango, ba a kiran mutane sai ranar da ake buƙatar sa hannunsu. Da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa a 2017, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, gari ya rabu biyu, masu cewa a kore su da masu cewa zalunci ne. Ni abin da na yi ta juyawa a raina daban ne. Wasunsu sun shekara ashirin suna shiga aji, ana sa hannu a littafin shirin darasinsu duk Litinin. Wa ya taɓa zama a bencin bayansu?

Ganina na ƙarshe da hedimasta na biyu, ya daɗe da yin ritaya, yana zaune a ƙofar gida yana sayar da irin shuka a mudu. Idonsa ya yi rauni, sai da na faɗi sunan ƙauyen ya gane ni. Na shiga lissafa masa bitocin da na halarta da takardun shaidar da na tara. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Madalla, Malam. To, yaushe rabon da ka koyar wani ya kalle ka?" Na fara ƙirgawa da yatsu, na wuce hannu ɗaya na shiga na biyu. Bai jira in ƙarasa ba, ya ƙwala wa jikansa kira ya kawo wa baƙo ruwa.