Fanka na juyi, ampul ya mutu: a dakata da taɓa asusu

Bazara ta kama, kun kuwa san Afrilu da Mayu a nan ƙasar Maradi: zafi ya haura 40, ɗaki ya koma tanda, jariri ya kwana kuka. Lokacin nan ne ake fara jin wata buƙata wurin zubi. Fankar sama mai haɗe da ampul ta lalace, a ba ni jaka 20 in sayo sabuwa.

Mu yi lissafi tukuna. Ƙungiyoyi da dama suna ɗora 10 bisa 100 a wata. Jaka 20 ke nan tana cin jaka 2 kowane wata, wata uku jaka 6, fanka kuwa ba akuya ba ce balle ta haihu ta biya kanta. Tun 1991 da CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, abin da ya riƙe asusu shi ne kuɗi ya fita ya yi sana'a ya komo. Kuma sau da yawa fankar da anka ce ta mutu lafiyarta lau, ɗan abu ne ƙarami ya tashi aiki.

Kafin a taɓa komi, a kashe wuta daga konter, wurin disjonkter. Makunnin bango bai isa ba, don akwai gidajen da anka ja waya a juye, ki kashe makunni amma kuran yana nan kwance cikin mazaunin ampul. Kuran na Nigelec bolt 220 ne, yana kisa. Hannu busasshe, takalmin roba, tebur mai ƙarfi, wata ta riƙe miki shi. Don Allah kada a hau turmi, kada kuma a aza yaro bisa kujera a ce ai shi ba ya da nauyi.

To sai ki lura da abin da fankar ke gaya miki. In tana juyi ampul ne kaɗai ba ya kamawa, wuta na isowa, matsalar tana nan kusa. Fanka tana girgiza dare da rana, girgizar nan ita ke kwance ampul sannu sannu har ya daina taɓa ƙarfen ciki. Ki matsa shi. Bai kama ba, ki ciro na zaure wanda kinka tabbata yana aiki ki gwada. Nan yawancin magana ke ƙarewa, da kuɗin da bai kai na cefanen yini ba.

In sabon ampul ma ya ƙi, ki leƙa mazauninsa, wanda masu gyara ke ce ma duyi. Ƙurar hunturu tana cika shi, zanzaro ma yakan yi gininsa na laka a ciki, ba ya neman izinin kowa. Ki share da busasshen tsumma. Amma in kinka ga baƙi, ko robar ta narke, ko kina jin ƙauri, ki tsaya nan, aikinki ya ƙare. Tsohon ampul mai zare na wat 60 ko 100 shi ke gasa robar da zafinsa. LED na wat 9 yana ba da haske kamar na 60, ba ya kuma ƙara ma ɗaki zafi. Duyin da ya ƙone canza shi ake yi, mai gyara ne zai yi, haka ma ɗan makunnin nan mai sarƙa da ake ja, wanda yara ke tsinkewa.

Akwai kuma ampul mai ƙyaftawa, ko wanda haskensa ke raguwa in an rage gudun fanka. Wannan ba laifin ampul ba ne, ko goma kinka saya haka za su yi. An bi da wayarsa ta cikin abin rage gudu, alhali tasa waya ya kamata a ja masa daban. Ki faɗa ma mai gyara haka da bakinki, zai san ba za ya yi miki dogon Turanci ba.

In ampul na ci, fanka kuma tana gurnani sai an tura ta da sanda, kondansater ne ya gaji, wani ɗan abu kamar akwatin ashana ko ƙaramin gwangwani. Arha gare shi, sai dai yana riƙe wuta ko bayan an kashe, ki bar ma mai gyara. Ki ce ya sayo mai lamba ɗaya da tsohon, ya kuma bar miki tsohon a hannu. Wannan ba rashin yarda ba ne, mu da ke ƙirga zubi gaban kowa mun san amfanin gani da ido.

Masu pano ku ma ga taku. Wutarmu daga Katsina take shigowa ta Gazawa, da Najeriya ta yanke ta a Agusta 2023 gidaje da dama sun sa pano da batir, yanzu kaya iri biyu sun gauraya a kasuwa. Ampul na bolt 12 in an sa shi a kuran nan take zai ƙone, na 220 kuwa ba ya kamawa a batir. A karanta abin da ke rubuce a jikinsa, wadda ba ta yi yaƙi da jahilci ba ta kawo wurin zubi a karanta mata. In kuma fanka da haske tare suke yin sanyi bayan isha'i, batir ne bai cika ba. A goge ƙurar pano da safe, a duba bakin batir ko ya yi farin gari.

Matattun ampul masu lanƙwasasshen gilashi, irin na da, akwai guba cikinsu in sun fashe. A ɗaure su cikin leda, a ajiye nesa da yara da rumbu.