Raddi Ga Mai Cewa Kotun Amurka Ta Ba Ɗan Kasuwa Izinin Korar Masu Saye

Wani malami ɗan'uwanmu ya rubuta muƙala yana murna da hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 30 ga Yunin 2023 a shari'ar kamfanin 303 Creative. A fahimtarsa, kotu ta tabbatar wa kowane mai shago 'yancin ƙin hulɗa da masu auren jinsi ɗaya idan addininsa ya hana shi, don haka ya kamata Musulmin da ke can su haɗa kai da masu neman a rushe dokokin hana wariya baki ɗaya. Ni da Malam ba mu da saɓani a kan matsayin aure a Musulunci. Saɓaninmu a kan abin da kotu ta faɗa ne, da kuma shawarar da ya ba mutanenmu, wadda nake ganin in an bi ta mu za ta fara ci.

Malam ya ce addini ne ya yi nasara a wannan shari'a. Wanda ya karanta hukuncin zai ga ba a kan 'yancin addini aka gina shi ba, a kan 'yancin faɗar albarkacin baki ne. Lorie Smith, mai tsara shafukan intanet a jihar Colorado, ta nemi kada a tilasta mata rubuta shafin biki mai yabon auren da ba ta yarda da shi ba. Tun kafin a kai ga Kotun Ƙoli ita da lauyoyin jiha sun amince da abu biyu a rubuce: cewa tana yi wa kowa aiki ko mene ne halinsa, kuma aikin nata magana ce da take tsarawa da kalmomi da hotuna. A kan wannan alƙalai shida suka rinjayi uku. Mai shari'a Gorsuch, wanda ya rubuta hukuncin, har misali ya kawo da Musulmi mai shirya fim, ya ce in aka bar jiha ta tilasta wa Smith, to gobe za a iya tilasta wa wannan Musulmi shirya fim mai yaɗa aƙidar Sahayoniyanci. Abin da aka kare ke nan: kada hukuma ta sa wa mutum magana a baki. Babu inda aka ce mai kanti ya hana wani sukari ko mai otal ya hana wani ɗaki.

Shari'ar mai gasa kek Jack Phillips ma, wadda Malam ya dogara da ita ƙwarai, ba ta ba shi abin da yake nema ba. A 2012 wasu maza biyu suka shiga shagonsa a Lakewood suna neman kek na bikinsu, ya ce ba zai tsara musu ba, amma zai sayar musu da sauran kayan da yake gasawa. A 2018 ya yi nasara da ƙuri'a bakwai da biyu, sai dai dalilin ƙunci ne da shi. Kotu ta gano hukumar kare haƙƙin jama'a ta Colorado ta nuna ƙiyayya ga addininsa: ɗaya daga cikin jami'anta ta haɗa hujjarsa da hujjojin masu kare bauta, kuma hukumar ta wanke wasu gidajen kek uku da suka ƙi rubuta saƙon sukar auren jinsi, shi kuwa ta hukunta shi. Wannan son kai aka rushe. A cikin hukuncin nan dai Mai shari'a Kennedy ya nanata cewa, a ƙa'ida, ƙyamar da mutum yake yi saboda addini ba ta ba shi damar hana jama'a kayan da yake sayar wa kowa.

Sai hujjarsa ta cewa shago na mai shi ne, yana da ikon zaɓar wanda zai shigo. Malam, wannan magana an taɓa kai ta gaban kotu, kuma ya kamata ka san wanda ya kai ta. Maurice Bessinger, mai gidajen gashin nama da ake kira Piggie Park a South Carolina, ya ƙi barin baƙaƙen fata su ci abinci a wurinsa bayan dokar hana wariya ta 1964, ya ce cuɗanyar farare da baƙaƙe ta saɓa wa addininsa. A 1968 Kotun Ƙoli ta ce wannan hujja ba ta da ko ƙamshin ma'ana. Da an karɓe ta, da Bahaushen da ke tuƙa tasi a New York yau bai da tabbacin zai tsaya a gidan mai a sayar masa, tunda baƙi ne, Musulmi ne, kuma baƙo ne. Waɗannan ukun, launin fata da addini da asalin ƙasa, su ne dokar 1964 ta hana a kori mutum saboda su a otal da gidan abinci da gidan kallo.

A nan ne shawarar Malam ta fi tayar mini da hankali. Musulmi a Amurka kimanin kashi 1 cikin 100 ne. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta su miliyan 3.45 a 2017. Tsiraru irin wannan su ne suka fi kowa cin moriyar dokar da yake so a rushe. Samantha Elauf tana da shekara 17 lokacin da kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗaukarta aiki a Tulsa saboda hijabinta, kuma da wani sashe na dokar 1964 ɗin nan ta yi nasara a Kotun Ƙoli a 2015, takwas da ɗaya. A shekarar kuma wani mai shagon bindigogi a Florida ya shelanta cewa Musulmi ba ya shiga shagonsa. Idan ƙa'ida ta zama kowa ya kori wanda imaninsa ya ƙi, mai rinjaye ne zai fi kora, kuma ba mu ne masu rinjaye a can ba. Ba za ka iya rubuta dokar da za ta ba Kirista mai kek damar korar mutum ta kuma hana shi korar mai hijabi ba, domin kotunan Amurka ba sa auna wane addini ne ke kan gaskiya.

Malam ya kawo mas'alar fiƙihu da malamanmu na Malikiyya suka yi bayani, cewa ba a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi. Mas'ala ce ingantacciya, amma ta goyi bayana ne. Abin da aka hana shi ne taimakawa a kan aikin da za a yi da hajar. Ban san malamin da ya ce kada a sayar wa mashayi gero ko takalmi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa na jingine a wurin Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Ciniki bai taɓa zama shaidar yarda da aƙidar abokin ciniki ba. Mai ɗab'i a Kano yana buga wa kowa rasit da katin gayyata, amma in aka kawo masa takardar ɓatanci ga addini zai mayar, ko da limami ne ya kawo.

Kotun Ƙolin Birtaniya ta ja wannan layi fiye da kowa a fili, kuma alƙaliya guda ce, Lady Hale, ta jagoranci hukunci a ɓangarorin biyu. A 2013 wasu miji da mata Kiristoci masu ƙaramin otal a Cornwall sun sha kaye saboda sun hana maza biyu ɗaki mai gado ɗaya. A 2018 kuwa gidan burodi na Ashers da ke Belfast ya yi nasara, alƙalai biyar baki ɗaya, bayan ya ƙi rubuta saƙon goyon bayan auren jinsi a kan kek na fam 36.50. Wanda ya yi odar tsohon abokin cinikinsu ne, sun sha sayar masa, kuma da wani ne ya zo da wannan rubutu haka za su ƙi. Har Peter Tatchell, wanda ya shafe rayuwarsa yana fafutukar masu neman jinsi ɗaya, ya fito ya goyi bayan gidan burodin.

Akwai inda Malam yake da gaskiya, kuma ba zan tauye masa ba. Tsakanin mutum da saƙo akwai wuri mai duhu: furanni, hoto, hayar zauren biki. Barronelle Stutzman, dattijuwa mai sayar da furanni a jihar Washington, ta yi shekaru tana sayar wa wani mutum, ta ƙi shirya furannin bikinsa kawai, ta sha kaye sau biyu a kotun ƙolin jihar, a 2021 ta biya dala 5,000 ta yi ritaya. Ina ganin an matsa mata fiye da kima, kuma wanda ya nemi a faɗaɗa kariya ga mai aikin hannu da ake buƙatar ya halarci bikin da kansa ina tare da shi. Wannan gyaran doka ne, ya sha bamban da tumɓuke ta.

Don haka nake roƙon Malam ya janye wannan shawara, ya sake rubuta wa mutanenmu da ke can abin da hukuncin ya ƙunsa. A kusan rabin jihohin Amurka, ɗan kasuwar da ya kori mai saye saboda wanda ya aura ya karya doka har yau, kuma Bahaushen da ya yi aiki da muƙalar Malam a shagonsa shi kaɗai zai tsaya gaban hukuma ya biya tara.