Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Makarantun Koyon Tuƙi na Kano



Ranku ya daɗe, kuna ƙoƙari wajen koyar da sitiyari da giya a fili, amma ɗalibanku suna fitowa idonsu kafe a kan hancin mota. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Wanda bai hango nesa ba, kafin ƙafarsa ta sami birki aikin gama ya gama.

Ku hau da su titin Zariya da yamma, malami yana tambaya: “Wa ke bayanka? Mai Adaidaita Sahun can, me zai yi?” Da fasinja ya ɗaga hannu zai yanke gefe, ba sigina ba komai, to ɗalibi ya saba ganin hannun tun kafin a yanke. Ya zaɓi layinsa tun da sauran tafiya, ya bar tazarar aƙalla daƙiƙa 2 tsakaninsa da motar gabansa, ya ninka ta in ana ruwa ko hazo. Mai babur kuwa, in ya maƙale daidai ƙofar baya, madubi ba ya nuna shi, sai an waiga.

Da takardar shaidarku hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke ba sabon direba lasisi. Don Allah kada ku sa hannu sai wannan hangen nesa ya zauna masa.

Wassalam,
Wani mazaunin Kano