Ba Kowace Bindiga Ce Ta Kisa Ba

Ran da na kawo maganar wasan harbi da bindigar iska a taronmu na ɗalibai a nan Yamai, dariya aka yi mini. Wani ya ce: "Haba malam, ƙasa na fama da ƴan bindiga, kai kuma kana son ka ƙara mana wasu?" To, ga amsata.

Da farko, mu san abin da ake magana a kai. Wasan nan a Ingila ya samo asali, farkon shekarun 1980. Bindigar ba ta da albarushi, iska ce ke tura ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4,5. Abin harbin ƙarfe ne da aka yanka da siffar zomo ko tsuntsu, da ɗan rami a jikinsa. In ka samu ramin, ƙarfen ya faɗi, a ja igiya ya tashi. Nisa kan kai mita 50, kuma kai za ka ƙiyasta shi, ka karanci iska. Ina jini a nan?

Wanda ya ƙware a wannan, numfashinsa ya koyi riƙewa, haƙuri ya koya. Mai gaggawa da mai fushi ba su cin komi.

Na biyu, wai harbi baƙon abu ne gare mu? Jikokin maharba ne mu, masu kwari da baka. Je bakin kogin Kwara ka ga yara da danƙo suna kashe tsuntsu da ƙadangare. Hannun na nan, idon na nan. Mi ya sa ba za a ba su ƙarfe su harba, da malami a kansu, da doka?

Su kuwa masu ɗaukar makamai a daji, ba filin wasa ya tura su ba. Zaman banza da talauci sun fi kusa da laifin.

Issaka Daboré ya kawo mana tagulla a dambe a 1972, Alfaga ya kawo azurfa a taekwondo a 2016. Duka wasannin faɗa ne, ba wanda ya ce sun koya wa matasa ta'adi. Kokowa ma haka, takobi ne ladarta.

Ni dai roƙona ɗaya: fili mai shinge, rajista, da mai koyarwa. Wanda ya yi mini dariya, ya zo ya fara harbi. Wallahi zai ga ramin nan ya fi bakinsa ƙanƙanta.